Kafin Nonon Ƙanwata Ya Ɗauke

Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa maigida ya dawo daga wurin malamin unguwarmu da amsar tambayar da na aike shi da ita. A lokacin shekararmu goma sha uku da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mun yi zaryar asibiti a Shika har masu gadin ƙofa suka riƙa gaishe mu kamar ma'aikata. Mun sha maganin bature, mun sha na gargajiya, mun sha rubutu. Daga ƙarshe muka zauna mu biyu, ba faɗa ba kuka, muka yanke shawarar mu nemi riƙon jariri daga gidan marayu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. In namiji muka samu, in goya shi, in wanke masa kashi, in raka shi makaranta, ranar da ya balaga kuma sai ya koma baƙo a ɗakina. In zai shigo sai na jawo mayafi. In na tsufa ba zai kama hannuna ya tsallakar da ni kwata ba. Wannan tunanin ya hana ni sakewa, ni kuma kunya ba za ta bar ni in tambayi malam da bakina ba, shi ya sa na tura maigida.

Ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna, ya ɗebi shinkafar yana taya ni tsincewa, abin da bai iya ba.

"Malam ya ce akwai hanya," in ji shi. "In 'yar'uwarki ta jini ta shayar da shi tun yana jariri, ya zama ɗanta na shayarwa. Ke kuma kin zama yayar uwarsa. Babu sauran lulluɓi tsakaninku har abada."

"Sau nawa?"

"Ya ce wasu malamai sun ce ko sau ɗaya ya wadatar, wasu sun ce sai biyar, kowanne ya sha ya ƙoshi ya saki don kansa. Ya ce mu yi biyar ɗin, hankali ya fi kwanciya."

Na ajiye farantin. Ƙanwa ɗaya gare ni a duniya, tana aure a Chikaji, kuma a ranar tana da goyon 'yar wata bakwai. Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ba ma kiran sunan, Takwara muke ce mata. A gidanmu kuwa 'ya mace wata goma sha tara ake yaye ta. Na lanƙwasa yatsu na ga muna da shekara guda cur. Na ce a raina ai shekara ta isa a ba mutum jariri har ya fara rarrafe. In mace muka nema, sai an samo mai shayarwa ta ɓangaren maigida, shi kuwa ba shi da 'yar'uwa mace, matan yayyensa kuma duk autansu sun shiga firamare. Saboda haka tun a nan muka tsayar: namiji za mu rubuta.

Washegari na hau bas daga unguwarmu Samaru zuwa Chikaji da ke Sabon Gari. Na tarar da ƙanwata tana tace waken awara, Takwara na goye tana cizon bakin zane. Na fara da gaisuwa, na tambayi mijinta, na tambayi maƙwabta, na yabi sabon labulenta, na koma kan tsadar wake. Ta tsaya ta dube ni.

"Yaya, wai mene ne? Tun ɗazu kike zagaye kamar mai neman aure."

Na faɗa mata, idona a ƙasa. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Wannan ne kika sha wahalar faɗa? Ai guda biyu Allah ya ba ni. Na dama na Takwara, na hagu na ajiye wa ɗanki. Ki kawo shi ko gobe."

Na yi dariya ni ma, amma sai da na juya baya na goge ido da gefen hijabi.

Maigida yana da shago a Samaru, kusa da ƙofar jami'a, inda yake buga takardu yana kuma ɗaure wa ɗalibai littattafan kammala karatunsu da bango mai kauri. Da ofishin kula da jin daɗin jama'a suka ba mu jerin abin da za mu kawo, takardar aure, ta asibiti, ta mai unguwa, hotuna da sauransu, sai ya ce in bar masa komai. Kwana uku yana abu a shago. Ranar da za mu kai, ya fito da shi daga leda yana murmushi. Ashe ɗaure takardun ya yi kamar littafin digiri, bango kore, an buga sunayenmu da ruwan zinari a gaba, har da shafin abin da ke ciki.

Jami'ar da ke kula da mu, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta juya shi gaba ta juya baya. Ta kira ta teburin kusa ta nuna mata.

"Alhaji, shekarata nawa a kujerar nan, ban taɓa ganin an kawo mini neman riƙo da bango ba. To yanzu yaya zan huda wannan in sa a fayil?"

A gabanmu ta sa reza ta farke ɗinkin, takarda bayan takarda. Maigida ya kau da kai kamar ana yi masa kaciya. Amma bangon ba ta yar ba, ta jingina shi a kan kabad ɗinta, kuma daga ranar duk ofishin suka san mu. In na shiga sai in ji ana cewa matar mai bango ta zo.

Sun zo duba gida bayan 'yan makonni. Na wanke ɗaki har ƙarƙashin gado, na kai kajina gidan maƙwabciya don kada su yi mini kashi a gaban baƙi. Jami'ar ba ta ko kalli ƙarƙashin gadon ba. Randar ruwa ta buɗe, ta leƙa bayi, ta tambayi wa zai riƙe yaro in na kwanta ciwo. Ta kuma tambayi maigida ko ya san yaron ba zai ɗauki sunansa a matsayin uba na jini ba. Ya ce ya sani, addini ma bai yarda da hakan ba, shi dai a ba shi ya riƙe amana. Da za ta tafi ta ce, "Shi ke nan. Ku je ku jira, za mu kira ku."

Ban san nauyin wannan kalma ba sai da na ɗauke ta.

Na ɗinka wa wayata 'yar jaka na rataya a wuya. Da ita nake girki, da ita nake wanki, in zan shiga wanka sai in ɗora ta a kan katangar bayi. In ta yi ƙara gabana ya faɗi. Sau da yawa masu tallar waƙoƙin kira ne, ko wani ya yi kuskuren lamba yana neman mai gyaran janareta. Wata rana na katse sallar walha saboda ƙararta, ashe maigida ne yake tambaya ko ya sayo tattasai. Na yi istigfari, na kuma hana shi kirana da rana sai in gobara ce.

Shi kuwa nunawa yake abin bai dame shi ba. In ya dawo sai ya jingine babur, ya ce, "Lafiya dai ko?" Ni na san ba lafiyar yake tambaya ba. Sai in ce, "Lafiya lau," shi ma ya san me nake nufi. Amma na taɓa kama shi yana auna faɗin gadonmu da taƙi, da na tambaya ya ce katifa yake dubawa ko ta lotsa.

Duk farkon wata nakan je ofishin, wai na biyo ta wajen ne na ce bari in gaisa. Jami'ar ta gane ni sarai. Takan ce in zauna, ta ba ni ruwa, ta yi mini bayani da haƙuri. Ba kullum ake samun jarirai ba. In an samu, sai an bincika ko suna da dangi, kuma sau da yawa dangin sukan bayyana. Ga kuma waɗanda suka riga mu a layi.

Wata rana a bas, a hanyar dawowa daga wurinta, wani tunani ya buge ni har na manta ban sauka a inda na saba ba. Kullum ina roƙon Allah ya kawo mini jariri da wuri. To ta ina zai fito? Sai wata uwa ta mutu, ko wata ta shiga halin da za ta ajiye ɗanta ta juya baya. Ashe abin da nake gaggautawa ke nan? Na yi kwana biyu ban iya roƙon ba. Daga baya na sauya lafazin. Na koma cewa, ya Allah, in akwai yaron da ka riga ka ƙaddara zai rasa hannun da zai ɗauke shi, ka nuna masa hanyar gidana, ka kuma ji ƙan uwarsa duk inda take. Da wannan na samu na ci gaba da ɗaga hannu.

Ana haka Takwara tana ta girma abinta, ba ruwanta da layin ofis. Ta zauna, ta yi rarrafe, ta fitar da haƙora huɗu lokaci ɗaya, ta miƙe. Kowace Asabar nakan dama kunun gyaɗa in cika babban fulas, in yi kwaɗon zogale, in hau bas in kai wa ƙanwata. Mijinta, mai walda ne a nan Chikaji, in ya gan ni da kaya sai ya ce, "Yaya, sannu da kiwo. Ni da nake mijin ba a taɓa dama mini ko koko ba." In ce masa ranar da ya fara shayarwa zan dama masa.

Da Takwara ta cika wata goma sha tara, Umma, mahaifiyarmu, ta taso daga Zabi da niyyar tafiya da ita yaye. Ta san da maganar riƙo, ta kuma sa albarka, amma ba mu faɗa mata ta shayarwa ba, don mun san halinta da ƙa'idar gida. Ƙanwata ta ce ai ana zafi yanzu, a bari damina ta sauka. Damina ta sauka, ta ce yarinyar tana mura. Mura ta warke, ta ce haƙoran turame take fitarwa. A zuwa na huɗu Umma ta same mu tare, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata gaskiya.

Ana cikin haka sai ga Takwara ta shigo daga waje da takalmi a ƙafa, hannunta riƙe da guntun rake. Ta ajiye raken, ta jawo kujera 'yar tsuguno har gaban uwarta, ta buga ta da tafin hannu.

"Mama, zauna. Ba ni."

Umma ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Yarinya tana cin rake, tana ba da umarni, tana jawo wa uwarta kujera, ku ce mini ba ta isa yaye ba? Ni na haife ku fa. Me kuke ɓoye mini?"

Ni na faɗa mata. Ta gyara zama a kan tabarma. Sannan ta ce, "To ai sai ku faɗa tun farko, ba ku bar ni ina ta ƙona kuɗin mota ba." Ta nuna ƙanwata da yatsa. "Shekara biyu. Ranar da ta cika shekara biyu zan zo, ko da jariri ko babu. Iyakar da addini ya bayar ke nan, ba kuma zan bari a mayar mini da takwara abin dariyar unguwa ba."

Abin dariyar kuwa ta riga ta zama. Matan gidan hayar da suke zaune in sun ga tana sha a tsaye, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, sai su ce a saya mata jakar makaranta mai aljihun nono. Mijin ƙanwata ya ce mini, "Yaya, don Allah ki roƙa mana mutanen ofis ɗin nan. Jiya fa da ta gama sha cewa ta yi an gode." Duk muka yi dariya. Ƙanwata ce ta fi kowa dariya, ita ce ma take ƙara wa labarin gishiri.

Saura mako uku Takwara ta cika shekara biyu na je ba ranar Asabar ba, ban kuma sanar ba. Na ɗaga labule na tarar da ƙanwata ta tuɓe riga tana shafa man kaɗanya a ƙirji, tana cije leɓe. Ta yi sauri ta ja zane, amma na riga na gani. Duk gefen ya tsage, wani wurin ya yi ɓawo wani yana jini, shaidar haƙora a jere. Sai a lokacin na lura da yadda ƙashin wuyanta ya fito. Duk kunun da nake kawowa ashe ba a jikinta yake zama ba.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Kai Yaya, ba komai fa. In tana wasa ne take ɗan cizo."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Na zauna a bakin gado. Wannan yarinyar ni na goya ta ina aji ɗaya na sakandare, ni nake wanke mata kai. Yau ga shi saboda ni take zubar da jini tana dariya. Na ce mata gobe a kira Umma, ba sai an jira mako ukun ba.

Ita ta fara kuka, ba ni ba.

"Na yi miki alkawari, Yaya. Na ce na ajiye masa."

"Kin ajiye. Shi ne bai zo ba."

Ranar Juma'a muka kai Takwara Zabi. Umma ta yanka mata kaza, aka karɓo rubutun yaye aka zuba a kunu, aka cika mata ɗan kwano da gumba. Uwarta ta sulale ta ƙofar baya tana share hawaye. A gida kuma aka shafa wa ƙanwata maɗaci a nono, aka ɗaure ƙirjin da zane tamau don ruwan ya ɗauke.

Da na koma Samaru na cire jakar waya daga wuyana na rataye a ƙusa. Na ce wa maigida ko zai je a gyara takardar, a ce duk wanda aka samu, mace ko namiji. Ya ce in aka taɓa fayil ɗin wataƙila a mayar da mu baya, mu bar shi yadda yake. Na yi kwanaki ina saƙa da warwara. Daga baya na ce wa kaina, in ya zo zan riƙe shi. In ya girma in yafa mayafina, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in sa masa albarka daga ciki. Ba haka na so ba, amma zan iya. Har na fara jin sauƙi, na koma kula da kajina.

Kwana goma sha biyu da yayen, da hantsi, ina wanki a bakin famfo na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Maigida ba ya dawowa a wannan lokacin. Ya shigo hannunsa duk gam ɗin liƙa takardu, hularsa a karkace.

"Ina wayarki? Sau bakwai suka kira ki!"

"Tana ɗaki. Su wa?"

"Sa hijabinki."

Ban ɗauraye kumfar hannuna ba. A hanya ne na lura takalmin wanka ne a ƙafata.

A ofis jami'ar ta zaunar da mu ta yi bayani, rabi na ji rabi ya wuce. Namiji ne, ya ɗan haura wata biyu. An yi bincike ba a samu kowa nasa ba. Za mu riƙe shi suna zuwa dubawa, daga baya a je kotu a tabbatar. Muka sa hannu, maigida ya sa nasa a gurbin nawa sai da aka sake fito da wata takardar. Sannan aka kai mu gidan marayun, wata mai reno ta fito da shi a naɗe cikin farin tawul ta miƙo mini.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Baƙi ne siriri, gashinsa a kwance, da ɗan ƙurji a goshi. Idonsa biyu, yana kallon fankar sama. Na yi shekaru ina tsara abin da zan ce a wannan lokacin, addu'o'i na haddace musamman. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu. Ka sha hanya." Maigida ya sunkuya ya yi masa addu'a a kunne.

Muka bar babur a nan muka tari napep. Maigida ya ce wa direban, "Samaru."

Na ce, "Chikaji."

Ya dube ni. "An fa yaye Takwara."

"Na sani. Mu je dai."

Ƙanwata tana shara muka shiga. Ta ga tawul a hannuna, ta saki tsintsiya ta ƙwalla ihu har matan gidan suka fito. Ta karɓe shi tana juyi da shi a tsakar gida. Can sai ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Yaya! Kwana goma sha biyu! Ɗan nan, me ya hana ka hanzarta?"

Ta ja ni ɗaki ta kwance ɗaurin, ta wanke maɗacin da ruwan ɗumi, ta matsa. Babu komai. Ta sake matsawa tana yamutsa fuska. Sai ga ɗigo ɗaya, rawaya-rawaya, ya tsaya a kai bai ko faɗo ba. Muka tsura masa ido mu biyu kamar mun ga watan Sallah.

A gidan akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Ita aka kira. Ta duba ta ce ciwon ya warke, ruwan kuma bai gama ɗaukewa ba, in yaro ya ja zai dawo. Matsalar ita ce yaron. Tun da ya zo duniya fida ya sani, kwalbar madara. Da aka kara masa ya juya kai, aka sake ya tsandara kuka, ya ture da ɗan hannunsa.

"Ka ga ɗan rainin wayo," in ji ƙanwata. "Abin da wata take jawo kujera ta roƙa, kai ana ba ka kana yanga?"

Na ce wa maigida ya koma gida ya kawo mini kaya, a nan zan zauna.

Umma ba ta iya zuwa ba, don ba a so Takwara ta ga uwarta da wuri, amma ta waya ta karɓi ragamar komai. Ba ta yarda waya tana kai murya ba sai an ɗaga, don haka duk gidan suna jin umarninta. A dama kunun kanwa da zafinsa. A gasa wa ƙanwata ƙirji da tawul. Kada a ba ta ruwan sanyi. Ni ce mai damu, ni ce mai gashi. Maman 'yan biyu kuma in ta dawo aiki sai ta zauna da mu. Ta hana a kara masa yana tsananin yunwa, ta ce a bari sai ya sha rabin fida, barci ya fara ɗaukarsa, sannan a zare a sauya a hankali, a ɗiga masa ɗan abin da aka tatsa a gefen baki.

Ranar farko bai kama ba. Ta biyu ya kama ya tsotsa sau uku ya gane dabara ce, ya saki ya yi ta kuka har na ce a ƙyale shi haka nan, kada a wahalar da maraya saboda son raina. Maman 'yan biyu ta ce, "Ke Maman yaro, zauna. Ba wahala yake sha ba, rigima ce kawai." Wannan ne karon farko da wani ya kira ni haka. Na zauna kuwa.

A rana ta uku, bayan azahar, ya kama bai saki ba. Ɗakin ya yi tsit. Ina jin 'yar ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni ta gyaɗa kai, ba ta yi magana ba don kada ya farga. Na yi zaton murna zalla zan ji. Na ji ta, amma a ƙarƙashinta akwai wani abu da ya ɗan soke ni, ganin ɗana a ƙirjin da ba nawa ba, yana samun abin da ba ni da shi. Ban ɓoye wa Allah ba, na faɗa masa a zuci. Sai na matsa na riƙe 'yar ƙafarsa da ta leƙo daga tawul, na riƙe har ya ƙoshi ya saki.

Daga nan mijin ƙanwata ya mayar da abin kamar ƙwallo. In ya dawo cin abinci, tun daga zaure zai ɗaga murya, "Nawa ake ci?" Matan gida su amsa, "Biyu!" Ya ce, "Saura uku, a dage!" Na uku sai da aka yi gardama a kai, don tari ya katse shi ya saki, ya sake kamawa. Ƙanwata ta ce biyu ne, ni na ce ɗaya ne. Maigida ya kira malam, malam ya ce mu ɗauka ɗaya. Ƙanwata ta ce malamin nan bai taɓa shayarwa ba shi ya sa.

Na biyar ya zo ranar da muka kwana biyar a gidan, bayan la'asar. Maigida da mijin ƙanwata suna zaune a kan benci a ƙofar ɗaki. Yaron ya sha ya sha, hannunsa ya saki rigarta, bakinsa ya zame da kansa, farin ruwa na gangarowa ta gefen leɓensa. Ƙanwata ta gyara riga, ta tashi tsaye ta miƙo mini shi da hannu biyu.

"Yaya, karɓi ɗanki. Na gama nawa."

Na karɓa na ce alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba. Na ɗora shi a kafaɗa ina ɗan bubbuga bayansa. Ya yi gyatsa mai ƙarfi kamar babban mutum, sai na ji ɗumi yana bin bayana. Tumbuɗi ya yi, har cikin rigata.

"Kai!" ƙanwata ta yi tsalle. "Nonon da na sha kunun kanwa kofi goma a kansa? Yaya, wannan ya shiga lissafi kuwa?"

Daga waje na ji maigida yana cewa bari ya kira malam. Na ce ya ƙyale bawan Allah ya huta, ai ya kai ciki kafin ya dawo, kowa ya ga ya ƙoshi. Ƙanwata ta ce duk da haka a kawo shi ranar Asabar ta ƙara masa ɗaya, don kada a yi mata ƙwange.

Ban sauya rigar ba. Na sunkuya, ƙanwata ta ɗora mini shi a baya, ta ja zanen ta taya ni ɗaurewa tana cewa na yi sako-sako da yawa, zai zame. Na ƙara tamkewa. Muka yi wa matan gida sallama, maigida ya ɗauki jakar fida da gwangwanin madara ya yi gaba, muka fita bakin titi neman napep mai zuwa Samaru.